Idan Lambar Takalmi Ta Ƙare a Kasuwa: Babba Za a Ɗauka ko Ƙarami?

Lambar da ake bugawa a ƙasan takalmi ko a cikinsa ita ce farkon abin da mai saye yake faɗa wa mai shago, kuma sau da yawa ita ce ake cewa ta ƙare. Dalilin yana cikin yadda kayan suke zuwa. Masana'anta tana jera takalma a kwali lamba-lamba, na maza galibi daga 40 zuwa 45, na mata daga 36 ko 37 zuwa 41, haka kuma ɗan kasuwa yake sarowa, ba shi da ikon cewa a cika masa kwali da 42 zalla. Lambobin tsakiya su ne na yawancin jama'a, saboda haka su suke fara ƙarewa, musamman a goman ƙarshe na azumi da lokacin komawar yara makaranta. Mai sa 46 ko 47 kuwa, ko a ranar da aka buɗe sabon kwali da wuya ya samu nasa. A wajen 'yan gwanjo abin ya fi haka tsanani, domin kowane takalmi shi kaɗai ne irinsa, babu wani a ciki da za a aika yaro ya ɗauko.

A irin wannan hali zaɓi uku ne a gaban mai saye: ya ɗauki na sama da lambarsa, ya ɗauki na ƙasa da ita, ko ya haƙura. Mai shago zai ce babban ai da safa zai zauna, ƙaramin kuma sabo ne, in an taka shi kwana biyu zai buɗe. Kowace daga cikin maganganun nan akwai inda take gaskiya, akwai kuma inda take jefa mutum cikin asara. Rarrabe su yana bukatar sanin abin da lambar take aunawa, da girman ƙafar mai saye, da kuma abin da aka yi takalmin da shi.

Abin da lamba take aunawa

Lambobin da aka fi sabawa da su a kasuwannin Najeriya da Nijar, irin su 38 da 40 da 42, na tsarin ƙasashen Turai ne wanda ya samo asali daga Faransa. A wannan tsari tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata kashi biyu cikin uku na santimita ce, wato milimita 6.67. Abin da lambar take nunawa shi ne tsawon ƙafar katako ko ta roba wadda ake ɗora fata a kanta a ɗinka takalmin. Ita wannan ƙafar katako takan fi ƙafar mutumin da aka yi takalmin dominsa tsawo da kimanin santimita ɗaya da rabi, don yatsu su samu wurin motsi. Ke nan lamba 42 tana nufin ƙafar katako mai santimita 28, wadda ta dace da ƙafar mutum mai kusan santimita 26.5, ita kuma 43 ta dace da mai ɗan sama da santimita 27.

Ingila da Amurka nasu lissafin daban ne. Tazarar lambobinsu kashi ɗaya cikin uku na inci ce, wato milimita 8.47, awon da Turawan Ingila suka ɗauko tun da can daga tsawon ƙwayar sha'ir. Suna kuma da rabin lamba, irin su 8.5 da 9.5, wanda tazararsa ta ɗan wuce milimita 4. Ƙasashen biyu ba daga wuri ɗaya suke fara ƙirga ba, shi ya sa lamba ɗaya take nufin takalma daban-daban. Lamba 8 ta Ingila kusan 42 ce, lamba 8 ta mazan Amurka kusan 41 ce, lamba 8 ta matan Amurka kuwa ba ta wuce 38 zuwa 39 ba. Na yara kuma a wannan tsari suna hawa har zuwa 13 ne sannan a sake farawa daga 1, don haka 13 ta yara ta fi 1 ƙanƙanta. Mai sayen gwanjo yana yawan cin karo da irin waɗannan lambobi, kuma in ya tsallake lamba guda a cikinsu ya ƙara tsawon da ya fi na lamba guda ta Turai.

Takalman China su ma suna da nasu. Akwai tsohon lissafin ƙasar da wasu masana'antu suke bi har yanzu, inda ake ninka tsawon ƙafa a santimita sau biyu a cire 10. Ƙafa mai santimita 25 lambarta 40, mai 26 lambarta 42, mai 28 lambarta 46. A lambobin tsakiya wannan bai yi nisa da na Turai ba, amma tunda rabin santimita ne kawai tsakanin lamba da lamba, bambancin yana ƙaruwa ana hawa sama. Ƙafar da wannan lissafi ya ba 46, a lissafin Turai 44 ce. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa mai babbar ƙafa ya ɗauki takalmi da lambarsa a rubuce ɓaro-ɓaro amma ya ƙi shiga.

Tsarin da ya fi sauƙin fahimta shi ne wanda yake rubuta tsawon ƙafar mutum kai tsaye a santimita ko milimita, kamar yadda ake yi a Japan da Koriya. A harshen yawancin kambas na manyan kamfanoni akwai ɗan ƙyalle mai lambobi huɗu ko biyar a jere, ɗaya daga cikinsu na santimita ne, a ga an rubuta 26.5 ko 265. In akwai wannan, shi ya fi cancanta a duba. Ko a cikin tsari ɗaya ma kowane kamfani da irin ƙafar katakon da yake aiki da ita, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a samu 42 da 43 da 44 a ɗakin mutum ɗaya, kuma duk suna yi masa daidai.

Auna ƙafa kafin zuwa kasuwa

Mutane da yawa lambar da suka riƙe tun suna samari ita suke faɗa har tsufa, alhali ƙafa tana canzawa. Ƙashi 26 ne a ƙafar mutum, jijiyoyi ne suke riƙe da su, kuma shekaru da ƙiba da goyon ciki suna sassauta jijiyoyin, tafin ƙafa ya ƙara baje, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi. Mace takan ga lambarta ta ƙaru bayan haihuwa kuma ba ta koma yadda take ba.

Awon ba ya bukatar komai sai farar takarda da fensir da rula ko tef ɗin tela. Ana shimfiɗa takardar a kan siminti a jikin bango, mutum ya tsaya a kanta da dunduniyarsa tana taɓa bangon, nauyinsa a kan ƙafafu biyu, wani ya ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo. Ba kullum babban yatsa ne ya fi tsawo ba, a wasu mutanen na kusa da shi ne. Sai a auna daga bakin takarda zuwa layin. A tsaye ake yi, domin ƙafar da take ɗauke da nauyi ta fi wadda aka ɗaga girma. Ana auna duka biyun, tunda a yawancin mutane ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma babbar ce ake saya wa takalmi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan la'asar, saboda ƙafa tana ɗan kumbura da zirga-zirgar yini da zafi, musamman a bazara.

Idan an samu tsawon, sai a ƙara masa santimita 1.5 a ninka da 1.5, abin da ya fito shi ne kusan lambar Turai. Ƙafa mai santimita 24 tana ba da 38 da 'yan kai, lambarta 38 ke nan. Mai santimita 27 tana ba da 42.75, wadda ta faɗa tsakanin lambobi biyu, sai a kai ta 43.

Tsawo kaɗai ba ya isa. Na'urar ƙarfen nan da ake ɗora ƙafa a kanta a manyan shagunan takalmi, wadda Charles Brannock na birnin Syracuse a Amurka ya ƙirƙira a shekarun 1920, abu uku take aunawa: tsawo daga dunduniya zuwa yatsa, tsawo daga dunduniya zuwa gindin babban yatsa, da faɗin ƙafa. A takalman Amurka ana nuna faɗi da harafi, D shi ne matsakaicin maza, B na mata, 2E kuma mai faɗi. Wanda ya tashi yana yawo ba takalmi ko da silifa, kamar yawancin mutanen ƙasar Hausa, gaban ƙafarsa yakan fi na wanda ya girma cikin sau-ciki faɗi. Irin wannan mutum sau da yawa faɗi ne yake matse shi, sai ya yi ta ƙara lamba yana neman sauƙi, ya ƙare da dogon takalmi mai fanko a gaba. Abin da ya kamace shi shi ne ya canza samfuri, ya bar masu tsinin baki ya nemi masu faɗin gaba.

Yadda ake gwaji a shago

Gwajin da aka saba gani shi ne mutum ya zauna a benci, ya zura ƙafar dama, ya juya ta hagu da dama, ya ce ya yi. Wannan ba ya nuna komai. Ana sa duka biyun ne, da irin safar da za a riƙa sa su da ita, a ɗaure igiya, a miƙe tsaye, a yi taku goma ko ashirin a kan kwalin da mai shago ya shimfiɗa.

A tsaye ake danna bakin takalmin da babban yatsan hannu. Tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da ƙarshen takalmi ya kamata a samu kimanin faɗin yatsan hannun, wato santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In bakin yana da tauri ba ya dannuwa, sai a kwance igiya, a tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa ƙarshe, a zura manuniya ta bayan dunduniya. In ta shiga daidai, tsawon ya yi. In ta ƙi shiga, takalmin ya yi kaɗan. In yatsu biyu suka shige a sake, ya yi yawa. Wata dabarar ita ce a zaro shimfiɗar cikin takalmin, in mai fita ce, a ajiye a ƙasa a taka. Nan take za a ga ko yatsu sun kai baki, da ko gefen ƙafa ya zarce shimfiɗar.

Abu na gaba shi ne wurin lanƙwasa. Ƙafa tana lanƙwasawa a gindin yatsu, inda ta fi faɗi, takalmi ma an yi shi ya lanƙwasa a inda ya fi faɗi. Wajibi ne wuraren biyu su haɗu. Sai kuma dunduniya: ɗan ɗagawa kaɗan a sabon takalmi mai taurin ƙasa ba laifi ba ne, amma in tana fita tana komawa a kowane taku, za ta goge fata.

Babba ko ƙarami

Idan lambar mutum babu, kuma na sama da na ƙasa ne kaɗai a gabansa, na saman ya fi. Tela yana iya rage rigar da ta yi yawa, amma wadda ta yi kaɗan ba shi da inda zai samo mata yadi, haka abin yake a takalmi. Babban takalmi ana cike shi, gajere kuwa ba ya ƙara tsawo, domin ƙasansa roba ce ko fata mai tauri da aka yanka aka manne, kuma bakinsa da bayansa an sa musu abin da zai hana su sauya siffa. Buɗewar da mai shago yake magana a kai ta faɗi ce kawai, ita ma a wasu takalman.

Illar gajeren takalmi ba ta tsaya a zafin rana ɗaya ba. Yatsu suna dukan baki a kowane taku, jini ya taru a ƙarƙashin farce ya yi baƙi, wani lokaci farcen ya fita. Matsi daga gefe yana tura farcen babban yatsa cikin nama har ya yi ruwa. Gogayya tana kawo bororo, in ta daɗe ta zama kanta. Shekaru ana haka sai ƙananan yatsu su ƙudundune su ƙi miƙewa, kuma wanda yake da gadon karkacewar babban yatsa, matsattsen takalmi yana ƙara masa ita. Wanda ya gaji da zafin kuma yakan take bayan takalmin ya mayar da shi silifa, ya lalata abin da ya saya da tsada.

Sai dai girman ma yana da iyaka. Lamba ɗaya ta Turai, ko rabin lamba ta Ingila da Amurka, ita ce abin da ake iya gyarawa cikin sauƙi. Da an kai lamba biyu, an ƙara sama da santimita ɗaya a kan wurin da dama aka bari, kuma kowace lamba tana zuwa da ƙarin faɗi. Wurin lanƙwasar takalmin zai koma kan yatsu ya riƙa cizon su, ƙafa ta riƙa zamewa gaba da baya, yatsu su riƙa damƙe ƙasa don kada takalmin ya fita, bakinsa kuma ya riƙa karo da matakala da dutse. Lamba biyu sama ba ciniki ba ne, ko da an yi ragi.

Akwai inda ake ɗaukar lambar ƙasa, wato idan kamfanin lambobinsa manya ne, har 41 ɗinsa ya ba da wurin yatsu yadda ake so. A nan lambar ce ƙarama, takalmin daidai yake. Duk takalmin da yatsa ya taɓa bakinsa mutum yana tsaye, a ajiye shi, komai kyansa.

Kowane takalmi da hukuncinsa

Fata ta gaske tana saki a faɗi bayan an sa ta kwanaki, mai laushi ta fi mai tauri saurin saki. Fatar roba da aka yi wa fenti ta yi kama da ta gaske ba ta saki, sai dai ta tsage ko ta ɓare. Takalmin danƙo da mai ƙyalli irin na biki su ma yadda aka saye su haka za su zauna. Kambas na yadi yana ɗan bin siffar ƙafa, amma robar da ta zagaye bakinsa ba ta motsi.

Takalmi mai igiya shi ya fi karɓar ƙarin lamba, domin igiyar tana riƙe ƙafa daga sama. Sau-ciki marar igiya, wanda mutane suka fi so saboda sauƙin cirewa a ƙofar masallaci, ba shi da abin riƙe ƙafa sai matsinsa, kuma in na fata ne zai ƙara saki. Wanda ya yi sako-sako tun a shago, bayan wata ɗaya sai an riƙa jan sa. A irinsa ana neman wanda ya kama saman ƙafa da dunduniya sosai amma ya bar wa yatsu wuri.

Sandal mai maɗauri a baya da a sama yana ɗaukar lamba ɗaya sama ba matsala, tunda ana ƙara huda maɗaurin. A silifa da buɗaɗɗen takalmi abin dubawa shi ne kada dunduniya ta zarce baya, kada yatsu su leƙa gaba. Dunduniyar da take sauka a kan bakin takalmi tana ƙara faso, musamman da hunturu.

Takalmin mata mai tsini yana tura nauyin jiki gaba, ƙafa ta zame ta cushe a baki. In ya yi yawa dunduniya tana fita, ga haɗarin gurɗewa, in ya yi kaɗan kuma ba a iya tsayuwar awa ɗaya a cikinsa. Shi ne takalmin da ya fi ƙin a yi masa kusa-kusa, sai dai in yana da maɗauri a idon sawu.

Takalmin gudu da na doguwar tafiya dama ana son ya ɗan fi na yau da kullum, saboda ƙafa tana kumbura a hanya. But na ƙwallo ana son ya kama ƙafa, amma ba har yatsu su lanƙwashe ba. But na ma'aikata mai ƙarfe a baki ba ya buɗewa har abada, don haka na sama ake ɗauka a sa safa mai kauri. Masu yi wa ƙasa hidima a Najeriya sun daɗe da gano wata mafitar: a kwanakin farko na sansanin horo, wanda but ɗinsa ya yi yawa yakan nemi wanda nasa ya yi kaɗan su yi musaya.

Gyaran wanda ya yi yawa da wanda ya matse

Hanya mafi kyau ta cike babban takalmi ita ce ƙara shimfiɗa a ciki. Ana sayar da ita a kasuwa, shumeka ma yana yanka ta daga soso ko fata daidai da takalmin. Shimfiɗar tana ɗaga ƙafa ta cike sararin sama, takalmin ya kama. In dunduniya ce take fita, ana manna siririn soso ko fata mai laushi a cikin bayan takalmin. In saman ƙafa ne yake da sarari, ana manna shi a ƙarƙashin harshe, ya tura ƙafar baya. A kambas, ramin igiya na can sama da mutane suke bari ba sa amfani da shi an yi shi ne don ɗaure wuyan takalmi ya riƙe dunduniya. Safa mai kauri tana taimakawa, sai dai a zafin Afrilu gumi take tarawa. Cusa takarda ko auduga a baki, wanda shi aka fi yi, shi ne mafi rauni a cikin dabarun, domin ba ya hana ƙafa zamewa, kuma yatsu suna komawa dukan abin da aka cusa.

Wanda ya matse a faɗi, in na fata ne, shumeka yana jiƙa wurin ya cusa ƙafar katako ya bar shi kwana ɗaya ko biyu. A gida ana sa shi da safa mai kauri na ɗan lokaci kowace rana har ya saki. Kara shi a wuta ko barin shi a rana mai zafi yana busar da fata ya kuma narkar da gam. Abin da duk wannan yake ƙarawa 'yan milimitoci ne a faɗi.

Yara, tsofaffi da marasa lafiya

Ƙafar yaro ba ta gama ƙwari ba, yawancin ƙashinta guringuntsi ne, kuma yaro ba kasafai yake cewa takalmi ya matse shi ba, balle in sabo ne na sallah. Ba a saya wa yaro lambar ƙasa ko kaɗan. Al'adar sayen wanda ya fi shi da lamba biyu ko uku don ya daɗe yana sawa ita ma tana sa shi tuntuɓe da jan ƙafa, kuma takalmin yakan mutu kafin ƙafar ta cike shi. Sararin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Ƙananan yara ana duba takalminsu duk bayan wata biyu ko uku, 'yan makaranta kuma a farkon kowane zango. Tsinken tsintsiyar da iyaye suke karyawa daidai tsawon ƙafar yaro su tafi da shi kasuwa dabara ce mai kyau, in an kiyaye abu biyu: a auna yaron yana tsaye, kuma a zura tsinken a cikin takalmin a ga ya bar sarari, maimakon a kara shi a ƙasansa ta waje.

Mai ciwon sukari hukuncinsa ya fi na kowa tsauri. Ciwon yana rage jin zafi a ƙafa, yana kuma hana rauni saurin warkewa, sai takalmi ya ci ƙafa mutum bai sani ba, ƙaramin bororo ya zama gyambo, gyambon kuma yana iya kaiwa ga yanke yatsa ko ƙafa. Irin wannan mutum ba ya sayen takalmi da fatan zai buɗe. Yana neman mai faɗin gaba, mai laushin ciki, wanda ya yi daidai tun ranar farko, ya sa shi na ɗan lokaci ya cire ya duba ƙafarsa. Masu cutar sikila, waɗanda gyambo yakan fito musu a wajen idon sawu, su ma su guji duk abin da zai goge wurin. Tsofaffi kuwa babban takalmi ne abin tsoro a gare su, domin sako-sakon silifa yana daga cikin abubuwan da ke kayar da su, faɗuwar tsoho kuma takan zo da karaya. Mai juna biyu da ƙafarta ta kumbura, mai maɗaurin da ake sassautawa ya fi mata.

Sayen da ba a gwada ba

Takalmin lefe, da na tsaraba, da wanda ake oda ta waya ko intanet, duk a kan lamba kaɗai ake sayen su, shi ya sa ake yawan samun wanda bai taɓa fita daga akwati ba. Mafita ita ce a aika da tsawon ƙafa a santimita tare da lambar, a kuma nemi mai sayarwa ya zura tef a cikin takalmin ya faɗi tsawonsa. In ya fi ƙafar da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zai yi. Kafin a biya kuɗi a yi magana a fili cewa in bai yi ba za a dawo a canza, a gwada shi a kan tabarma ko darduma don kada ƙasansa ya nuna an taka.

Wanda lambarsa ba ta samuwa a kasuwa, ko ƙafarsa take da faɗi sosai, ko ɗaya ta fi ɗaya da yawa, yana da hanyar da ta fi yawon shago-shago. Masu ɗinka takalmi a Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram, da na kasuwar Ariaria a Aba, suna zana ƙafar mutum a kan takarda su auna kaurinta da tef su yi masa nasa. A je musu da yamma, a tsaya a tsaye, a auna ƙafafu biyu.

Idan kuwa a shago ne, kuma na sama ya wuce lamba ɗaya, na ƙasa yana taɓa yatsa, to haƙuri ya rage. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai saye ya riƙe kuɗinsa ya leƙa shago na gaba, ko ya tambayi ranar da sabon kaya zai sauka.